Kowa da Inda Yake Fara Ƙirga Yaƙin

Da ƙarfe goma da minti ashirin na safiyar Talata Baffa ya cika, a ɗakinsa na cikin gida, a nan Haɗeja. Mu biyar ne a kansa: Inna matarsa, Gwaggo ƙanwarsa, Yaya Babba ɗansa na fari, limamin unguwarmu, sai ni. Liman yana laƙƙana masa kalmar shahada, Inna tana riƙe da ƙafarsa, ni kuma na duba agogo domin na san za a tambaya. Na Allah ne mu, kuma wurinSa za mu koma. An sallace shi bayan azahar, kafin la'asar mun dawo daga maƙabarta.

Masu gaisuwa sun fara zuwa tun ba a gama shimfiɗa tabarmi ba. Damina ta yi nisa, ruwa ya shafe hanya a wurare da yawa, amma masuntan Guri da na Auyo sun zo, wasu a babur, wasu sai da suka yi fito a kwalekwale kafin su sami mota. Wani tsoho a cikinsu ya yi addu'a, ya ce: "Shekara da shekaru ina kawo masa banda. Bai taɓa jera manyan kifi a sama ya ɓoye ƙanana a ƙasa ba. Abin haushin, ni ma bai taɓa bari na yi ba." Aka yi 'yar dariya, aka shafa fatiha.

Tsofaffin sojoji uku da suka je yaƙin basasa a zamaninsa su ma sun zo. Ɗaya ya ƙame a ƙofar soro ya sara wa gidan. Liman ya kau da kai.

Akwai wadda ba ta sami jana'iza ba. Muna kiranta Maman Anaca, domin daga garin Anaca take zuwa. Dattijuwa ce 'yar ƙabilar Ibo, mai sarin busasshen kifi, ta fi shekara talatin tana sauka a gidanmu. Da na sanar da ita a waya sai ta ce: "Na san ku ba kwa jira, amma ku jira ni." Na ce mata ba zai yiwu ba. Ta iso ranar sadakar uku da turmin atamfa a kanta, irin wanda a al'adarsu ake kawo wa mamaci. Tun daga bakin layi take rusa kuka tana kiran "Kofur, Kofur!", domin haka take kiransa. Gwaggo ta leƙo, ta kira ta da sunan da Baffa ya raɗa mata, ta ce: "Ke 'Yar Tasha, nan ba a yi wa mamaci ihu. Wahalar da shi kike yi." Ta ce: "Gwaggo, ku kun yi naku a ciki. Ki bar ni in yi nawa a waje."

Za ta wuce ta soro ke nan, ɗaya daga cikin tsofaffin sojojin, wanda suka yi bataliya ɗaya da Baffa, yana ba samari labarin ranar da suka shiga wani gari a Gabas. Yana cewa mutanen garin sun fito suna ɗaga hannu suna murna. Ta tsaya da atamfarta a ka, ta ce: "Ranka ya daɗe, ina cikin garin nan a ranar. Ba murna muke yi ba. An gaya mana duk wanda bai ɗaga hannu ba za a harbe shi." Tsohon ya dube ta ya ce: "Da mai gidan yana nan, da ya ce ki zauna ki faɗi naki." Ta ce: "Shi ya sa na faɗa." Ta shige ciki wurin Inna.

Yaya Babba ya jawo ni gefe, idonsa ja. Ya ce: "Ka gani ko? A zaman makokin ubana. Wallahi da an raba gado zan toshe ɗakin baƙin nan, in fasa masa ƙofa ta titi, in mayar da shi shago. An gama saukar mutanen nan a gidan nan."

Wannan magana ita ta sa na ɗauki alƙalami. Ni ɗan ƙanen Baffa ne. Ubana ya rasu ina ƙarami, Baffa ya ɗauke ni ya riƙe, na tashi ina ɗaure masa kwalayen kifi. Ba ni da gado a gidan, ba ni da bakin cewa a yi ko a bari. Karatuna kuma bai wuce na firamare da na allo ba. Abin da nake da shi shi ne abin da na gani da abin da na ji, kuma zan faɗe shi daki-daki.

Zan fara da sana'arsa, domin daga ita komai ya taso. Baffa fatoma ne a kasuwar kifi. Aikin fatoma shi ne ya sauki baƙon da ya zo sari, ya ba shi makwanci da abinci, ya haɗa shi da masu kaya, ya tsaya a kan ciniki, ya ga an ɗaure kwalaye an loda a mota. Ya kama wannan aiki ne bayan ya bar soja. Mafi yawan masu sarin bandar Haɗeja daga Gabas suke zuwa, saboda haka mutanen da ya yaƙa jiya su ne suka zama baƙinsa. Ya gina musu ɗaki a gefen soro, mai taga ɗaya, da gado biyu na ƙarfe, da randa a bakin ƙofa.

Dokokinsa ba su da yawa, amma ba a taɓa su. Ana share ɗakin bayan sallar asuba ko da baƙo ko babu. Ba wanda zai ci abinci a gidan sai an kai na baƙo. Ranar Lahadi, in baƙo yana son zuwa coci, za a raka shi har ƙofa a dawo. Ba a yi wa baƙo dariya a kan abin da yake ci. Wata rana masu lodi suka ga wata baƙuwarmu tana sarin busassun kwaɗi, suka fara shewa suna kukan kwaɗo. Baffa ya bar su suka gama, sannan ya ce: "Ku kuka kamo, ku kuka shanya, ku kuka ɗaure. A cikin ku da ita, wa ya fi daɗewa da kwaɗo a hannu?" Ba su ƙara ba.

Ya dawo daga yaƙi kunnensa na hagu a toshe, saboda ƙarar wani abu da ya fashe kusa da shi. Duk mai son ya ji shi sai ya zauna ta damarsa. In kuwa maganarka ba ta yi masa ba, sai ya gyara zama ya juya maka hagu, ka yi ta yi kai kaɗai. Kowa a kasuwa ya san ma'anar wannan. Dillalai sukan ce wa junansu: "Kar ka ɓata bakinka, an ba ka hagu."

Baffa yana da labari guda da yake ba kowane sabon baƙo. Ya ce ranar da suka shiga wani ƙaramin gari a Gabas, ya ga yara sun rame, cikinsu ya kumbura, gashinsu ya yi ja. Shi da abokansa suka buɗe buhun shinkafa da na gishiri daga kayansu, suka riƙa ɗiba da kwanon soja suna zuba wa yaran a gefen zane. Yaran suka ruga gida da gudu. Yakan ƙare da cewa: "Ko ba komai, ranar mun ciyar da gari." Na ji labarin nan ya fi a ƙirga, kuma ba ƙarya yake yi ba.

Sai ga Maman Anaca ta fara zuwa. Lokacin ina saurayi. Hausarta ta ba mu mamaki, ashe a nan Arewa aka haife ta. Ubanta ma'aikacin jirgin ƙasa ne a wata ƙaramar tasha a kan layin da ya bi ta Malam Madori, shi ya sa Baffa ya raɗa mata 'Yar Tasha. A zuwanta na biyu ya ba ta labarin shinkafa da gishiri bayan an ci abincin rana. Ta tambaye shi sunan garin, ya faɗa. Ta tambaye shi ko akwai wata makarantar mishan mai jan rufi a bakin kasuwa, ya ce a nan ma suka kafa sansani. Ta ajiye cokali.

"Kofur, garin uwata ne. Can muka gudu. Ina cikin yaran."

Baffa ya washe baki ya ce: "Allahu akbar! Ashe kin ci shinkafata tun kafin ki ci tuwon gidana."

Ta ce: "Ba mu ci ba."

"Kamar yaya ba ku ci ba?"

"An daɗe ana gaya mana duk abincin da ya fito daga hannun sojan tarayya akwai guba a ciki. Da muka kai gida, uwata ta karɓe, ta haƙa rami a bayan ɗaki ta binne shinkafar da gishirin, ta wanke mini hannu da toka. Duk layinmu haka aka yi. Ƙanena yana kwance a tabarma a lokacin, ba ya iya ɗaga kai. Bai kai ƙarshen watan ba."

Baffa ya ce: "Guba? Ni?" Ya sake cewa: "Ni? Daga rabona na ɗiba!" Ya miƙe, ya zauna, ya juya mata hagu. Shi ne karo ɗaya tak da na ga ya yi mata haka. Har ta gama sarinta ta tafi bai ƙara yi mata magana ba, ni na tsaya mata a ciniki. Mun ɗauka ba za ta dawo ba, shi ma bai ambace ta ba.

Da kaka ta yi sai ga ta. Aka kawo mata tuwo da miyar kuka. Baffa ya shigo, ya wanke hannu, ya durƙusa, ya yanki loma daga kwanonta ya ci a gabanta, ya kurɓi ruwan da aka kawo mata, ya ce: "To, 'Yar Tasha, bismilla. In akwai, ni zan riga ki." Ta yi dariya har da hawaye, sannan ta ci. Tun daga ranar, duk baƙon da ya sauka a ɗakin nan, Baffa ne ke fara ɗanɗana abincinsa. Wasu baƙin suna ɗauka al'adar Haɗejawa ce.

Bai daina ba da labarin shinkafar ba. Abin da ya sauya shi ne, in ya kai wurin da yaran suka ruga gida, ba ya ƙara cewa sun ciyar da gari. Sai ya ce: "Wannan rabina ne. Sauran rabin yana wurin wata mata, ga abin da ta ce." Ya faɗi na ramin, da tokar, da yaron da ke kan tabarma, ba ya rage komai.

Kada mai karatu ya ɗauka sun daidaita a kan yaƙin. Ba su daidaita ba har ya mutu. Shi yana cewa sun shiga garin, ita tana cewa garin ya faɗi. Shi yana cewa yaƙin haɗa ƙasa, ita tana cewa yaƙin yunwa. Duk zuwanta sai sun taɓa. Yakan ce: "Da ba mu je ba, da yau da fasfo za ki zo sayen tarwaɗa." Ita kuma ta ce: "Da na zo da fasfo, Kofur, ƙanena yana riƙe mini jaka." Ya ce: "Taurin kai." Ta ce: "A gidanka na koya." Daga nan su koma maganar farashin kifin karfasa kamar ba a yi komai ba.

Ni mutum ne mai son a jera abu, wannan ya zo sannan wannan. Wata la'asar ruwan sama ya hana lodi, muna zaune a soro: Baffa, Maman Anaca, da wani baƙo mai fataucin kanwa daga Nijar. Gwaggo ta zo unguwa, tana tsaye a ƙofar ciki tana jiran ruwa ya ɗauke. Na ce: "Baffa, ba a koya mana yaƙin nan a makaranta ba. Ku jera mini shi. Me ya fara faruwa?"

Gwaggo ce ta riga kowa. Ta ce: "Wata safiya cikin azumi rediyo ta ce an bi manyanmu har gida an kashe. Babanmu yana gyaran komarsa ta kamun kifi, ya sake ta ya zauna a ƙasa yana kuka kamar yaro. Nan ya fara. Su suka fara."

Maman Anaca ta ce: "Ni ban san manyanku ba, Gwaggo, ko aji uku ban kai ba. Abin da na sani, babana ya cusa mu ta tagar jirgi, ni da uwata da ƙanena, ya ce zai biyo na gobe. Har uwata ta mutu tana ajiye masa kwanon abinci. Nan ya fara."

Mai kanwa ya ce: "Mu dai can Nijar, ƙasar Faransi, abin da muka sani, shekarun da ku 'yan Ingilishi kuka yi faɗanku, shanu ba su yi kasuwa ba." Aka yi dariya, har Gwaggo.

Baffa ya ce: "Nawa a bakin wani kogi ya fara. Ina da aboki ɗan Auyo, masunci ɗan masunci, ya iya ninƙaya tun kafin ya iya tafiya. Aka buɗe mana wuta muna tsakiyar ruwa. Takalmi da bindiga suka ja shi ƙasa ina kallo. Kafin ranar, aikin albashi na je yi. Daga ranar yaƙi nake yi."

Na ce: "To wanne zan sa a na farko?"

Ya ce: "Jera su yadda ka ga dama, amma kada ka zubar da ko ɗaya. Kowa daga inda aka taɓa shi yake fara ƙirga."

Gwaggo ta ce: "Ni dai na faɗa, su suka fara." Ta yafa mayafi ta fita cikin yayyafi.

Yanzu na zo kan saɓaninsa da Yaya Babba, kuma zan faɗe shi da adalci, domin Yaya ba mugu ba ne. 'Yan shekarun baya, ɗansa na fari, jikan Baffa, yana tuƙa motar kifi zuwa Gabas. Wata rana wasu 'yan bindiga suka tare su a hanya, suka ƙona motar da kayan, suka harbe shi a ƙafa yana gudu. Ya rayu, amma har yau da sanda yake tafiya, tuƙi kuma ya ƙare. Matarsa tana da ciki a lokacin.

Ranar da aka dawo da shi, Yaya ya shigo soro bai ko yi sallama ba. Ya ce: "Baba, mu muna share musu ɗaki, muna raka su coci, kana ɗanɗana musu tuwo, su kuma ga abin da suka yi wa jikanka. A rufe ɗakin nan yau."

Baffa ya gyara zama ya ba shi dama, ya saurare shi har ya gama. Sannan ya ce: "Kai ma ka sami inda za ka fara ƙirga. Ba zan ce maka bai yi zafi ba, jinina ne. Amma wadda ke kwana a ɗakin nan ba ita ta riƙe bindigar ba."

Yaya ya ce: "Duk ɗaya ne."

Baffa ya ce: "Haka uwarta ta ce a kaina, ta binne shinkafa ɗanta yana mutuwa da yunwa. Na ga inda wannan magana take kai mutum. Muddin ina numfashi ɗakin nan a buɗe yake."

Yaya ya fita. Ya daina cin abinci a gidan, gaisuwar safe kawai yake zuwa ya tafi. Maman Anaca ta yi ta kiransa a waya ta yi masa jaje, bai ɗauka ba. A wannan kakar ba baƙo ko ɗaya da ya zo daga Gabas, su ma tsoro suke ji kada a rama a kansu. Baffa ya sa aka ci gaba da share ɗakin kowace asuba, ana sauya ruwan randa. Shi ne kuma ya sayar da gonarsa ta fadama ya buɗe wa jikan wurin sayar da kayan babur, inda zai yi sana'a a zaune. Bai gaya wa kowa ba, a bakin mai sayen gonar muka ji. Da shekara ta zagayo baƙi suka fara dawowa ɗaya-ɗaya, Maman Anaca ce ta farko.

Da ciwonsa ya yi nauyi na same shi a keɓe. Na ce: "Baffa, shari'a ta ba ka damar yin wasiyya. Ka ce a bar ɗakin nan ga baƙi, a kira shaidu, magana ta ƙare." Ya ce a'a. Na sake nanatawa, ya ce: "In na ɗaure su da wasiyya za su buɗe ƙofa suna tsaki, baƙo kuma yana jin tsaki ko da ba ya jin Hausa. In akwai mai so a cikinsu, zai buɗe. In babu, to ni ne ban iya koyarwa ba." Na ƙara buɗe baki, ya juya mini hagu.

Bayan arba'in aka zauna rabon gado. Malamai biyu suka zo da magini da igiyar awo. Magada su ne Inna, da Yaya Babba, da ƙanensa, da 'yan'uwansu mata uku. Ni ina zaune a bakin ƙofa, in an ce a riƙe igiya in riƙe. Yaya ya faɗi buƙatarsa tun farko: yana son rabonsa ya faɗo ta gaban gida, da soro da ɗakin baƙi. Ba wanda ya musa masa, shi ne babba.

Inna tana takaba, ba ta fito ba. Sai ga Gwaggo ta fito daga ɗakin Inna ta tsaya a tsakar gida, ta ce: "Malam, an aiko ni. Matar gidan ta ce a auna mata tumuninta ta bakin ƙofa, ɗakin baƙi ya shigo ciki. Ta yafe ɗakin da take kwana, za ta koma na kusa da madafa."

Yaya ya ce: "Gwaggo, ke ma? Ke da kullum kike cewa su suka fara?"

Ta ce: "Har gobe su suka fara. An aiko ni ne, na kuma faɗa. In ka tambayi nawa ra'ayin, in aka rufe ɗakin nan, wa zan riƙa gaya wa su suka fara?"

Yaya ya tashi ya je bakin labulen Inna, ya durƙusa. Muna jin su. Ya ce: "Inna, kin zaɓi baƙi a kan jikanki?"

Ta ce: "Jikana ni na yi jinyarsa, ni na wanke masa ƙafar, ba sai ka tuna mini ba. Tun kafin a haife ka nake tuƙa tuwon ɗakin nan. Ubanka yana soro yana musu, ni ke gaban murhu. Ba wanda ya taɓa tambayata ko ina so. Yau an tambaye ni rabona, na faɗa."

Malamai suka ce in magada sun yarda, ya halatta. Matan uku suka yarda, ƙanen ya yarda. Daga ƙarshe Yaya ya ce ya yarda da sharaɗi ɗaya: zai ja katanga tsakanin rabonsa da na Inna, ya fasa tasa ƙofar ta bayan layi, kada shi ko 'ya'yansa su riƙa haɗuwa da baƙin. Inna ta ce daga ciki: "Ja." Aka auna. Tumunin ya ɗauki ɗakin baƙi da soro da ɗan ɗakin kusa da madafa, bai bar ko wurin shanya ba.

An ja katangar. Gidan da yake ɗaya ya zama biyu, kuma ba zan ɓoye ba, abin yana yi mana ciwo. Yaya yana zagayowa ta titi kowace safiya ya gai da uwarsa, ya koma ta titi. Ban ga laifinsa ba, ban kuma fid da rai da shi ba. Inna ta kira ni ta bayan labule ta ce: "Ni tuwo na iya. Soro da kasuwa naka ne." Na ce na karɓa. Ban kai Baffa haƙuri ba, ban kai shi sanin kifi ba, kuma ban je yaƙi ba balle in sami rabin labari nawa na kaina. Amma na san rabinsa, na san na Gwaggo, na san na Maman Anaca, na san na jikan da ke tafiya da sanda, kuma ba zan zubar da ko ɗaya ba.

Matsalar da ta rage ita ce, labari ya bazu a kasuwa da tasha cewa Baffa ya rasu an rufe gidan. Makon jiya wasu mata biyu daga Gabas suka sauka da yamma, suka tambayi gidan Kofur mai kifi, wani ɗan acaɓa ya ce musu ai babu shi, an raba gida. A kan benci suka kwana a tasha, ɗaki yana nan a share.

Saboda haka ina roƙon duk wanda wannan rubutu ya isa hannunsa abu biyu. Ka roƙa wa Baffa gafara, Allah Ya yafe masa abin da ya sani da wanda bai sani ba, na lokacin yaƙi da na bayansa, Ya haskaka kabarinsa. Sannan, in kai ɗan Haɗeja ne, direba ko dillali ko ɗan acaɓa ko mai shayi a bakin tasha, ka ga baƙo ya sauko daga motar Gabas yana tambayar gidan Kofur, kada ka ce masa an rufe. Ka ɗauko shi ka kawo shi ƙofar da ke kallon titi, ka yi sallama, zan fito.